Ko Lokaci Ya Yi da Za a Bar Mutanen Abuja Su Riƙe Bindiga?

A farkon watan Janairun 2024 'yan bindiga suka dira wani gida a yankin Bwari cikin dare, suka tasa ƙeyar maigidan da 'ya'yansa mata zuwa daji. Ba a yi mako guda ba suka faɗa rukunin gidajen Sagwari da ke Dutsen Alhaji, nan ma suka kwashi mutane. Da kuɗin fansa ya yi jinkiri sai suka fara kisa, kuma cikin waɗanda suka rasa rayukansu har da ɗalibar jami'a da yarinya 'yar shekara 13. Jama'a suka koma karo-karo a shafukan sada zumunta don a fanso sauran. Irin wannan labari ba baƙo ba ne a kunnen mutumin Birnin Gwari ko Zurmi ko Batsari. Abin da ya ɗaga hankali shi ne wannan karon a babban birnin tarayya ne, wurin da in hanya ba cunkoso ba ka yin awa guda a mota tsakaninsa da fadar shugaban ƙasa.

A cikin watan ne Sanata Ned Nwoko, mai wakiltar Delta ta Arewa, ya fito da batun ƙudurin da zai bai wa farar hula damar mallakar bindiga don kare kai. Tun daga lokacin maganar ba ta kwanta ba. Ana yin ta a zauren majalisa, ana yin ta a teburin mai shayi a Kubwa da Gwagwalada, kuma duk inda aka taɓo ta sai ta jawo 'yar uwarta: in an kama ɗan bindiga, me ya kamata a yi masa?

Da yawa daga masu zafi a muhawarar suna ɗauka Najeriya ta haramta bindiga ɗungurungum, alhali ba haka doka ta ce ba. Dokar Makamai ta 1959, wadda muka gada shekara guda kafin 'yancin kai, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai na yaƙi, irin su bindigar soja da mashinga, har da ƙaramar bindigar hannu wato fistol. Waɗannan ba mai ba da izininsu sai shugaban ƙasa. Akwai na farauta, irin su mai baki biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai adaka, bindigar kakanni da ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda al'amarinta ke hannun kwamishinan 'yan sanda. Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. A takarda ke nan. A aikace kuwa ƙofar a rufe take, domin rundunar 'yan sanda ta daɗe da sa takunkumi, kuma a 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sake jaddada dakatar da ba da sabon lasisi. Gwamna ma ba shi da ta cewa, saboda tsarin mulkin 1999 ya sa makamai da harsasai cikin jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka.

Masu cewa a buɗe ƙofar ba jahilai ba ne, ba kuma masu son jini ba ne. Ga mai son ya fahimce su, ya je wata unguwa a gefen Abuja da magariba, ko ta wajen Ushafa, ko Byazhin, ko Pegi ta Kuje. Zai tarar kowane gida yana biyan kuɗin tsaro duk wata. Zai ga ƙarfen da aka gitta a bakin layi, da 'yan banga uku ko huɗu zaune kan benci, ɗaya da tocila, ɗaya da gora da adda, ɗaya da usur a wuya. In unguwar ta yi sa'a akwai maharbi mai adaka. Wannan maharbi in ya harba sau ɗaya, sai ya tsaya ya zuba albarushi, ya danna shi da tsinken ƙarfe, ya zuba harsashi, ya sake dannawa. Wanda ya zo masa kuwa yana riƙe da AK-47 mai cin harsashi talatin a gida ɗaya, kuma ba shi kaɗai ya zo ba. Mutumin da ke kwana a irin wannan unguwa, in ka ce masa bindiga haɗari ce, amsarsa a shirye take: “Malam, ai haɗarin ya riga ya iso ƙofar gidana. Ɓarawo bai nemi lasisi ba, ni kaɗai dokar ta ɗaure.”

Hujjarsu ta fi haka nauyi. Sashe na 33 na tsarin mulki, wanda ya tabbatar da 'yancin rayuwa, ya amince mutum ya yi amfani da ƙarfi daidai gwargwado don kare kansa ko dukiyarsa. Kundin Final Kod da ake aiki da shi a Abuja da jihohin Arewa shi ma ya yarda da kare kai. Malamai na ƙara da cewa addini ya ɗaukaka darajar wanda aka kashe yana kare iyalinsa ko dukiyarsa. To, in ji su, ina amfanin a ba ka haƙƙi a hana ka abin da za ka tsare shi da shi? Sannan suna nuna yatsa ga wani rashin adalci da ba wanda zai musa. A 2018 Mike Okiro, shugaban hukumar kula da ayyukan 'yan sanda a lokacin, ya ce 'yan sanda sama da 150,000 suna gadin manyan mutane ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a danjar Maitama ko Asokoro ya ga motar rakiya ta wuce, jami'ai huɗu da bindigogi suna bin mutum ɗaya, ya san babban mutum a Abuja yana da bindiga. Ɗauka ce kawai ba ya yi da hannunsa.

Kuma ba talakawa kaɗai ke faɗa ba. A Maris 2018, a wajen bikin yaye ɗalibai na Jami'ar Jihar Taraba da ke Jalingo, Janar T.Y. Danjuma ya kira jama'a su tashi su kare kansu. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya ce wa mutanen Katsina su nemi makami. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta sanar da cewa za ta raba fom 500 ga kowace ɗaya daga masarautu 19 na jihar ga masu neman lasisi, sai Janar Lucky Irabor, babban hafsan tsaro na lokacin, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. A wata mai zuwa, ranar 5 ga Yuli, aka fasa gidan yarin Kuje, fursunoni sama da 800 suka fice, kafin watan ya ƙare kuma aka yi wa dakarun da ke tsaron fadar shugaban ƙasa kwanton ɓauna a yankin Bwari. Hukumar da aka fasa wa kurkuku a bakin ƙofarta, da wane baki za ta ce wa mutumin Kwali ya kwanta ya yi barci? Masu wannan ra'ayi suna kuma tuna mana Maiduguri a 2013, lokacin da matasan kato da gora suka taimaka wa soja aka kori Boko Haram daga cikin gari.

Duk wannan na yarda da shi. Inda na fara ja da baya shi ne lokacin da aka tambayi abin da bindigar za ta yi a sauran kwanakin shekara, waɗanda ɓarawo bai zo ba.

Bindiga ba ta zama a ƙarƙashin gado tana jiran ɗan fashi kawai. Tana nan ranar da miji da mata suka yi faɗa. Tana nan ranar da aka yi rikicin fili, kuma duk wanda ya san Abuja ya san fili ɗaya na iya samun masu takarda uku. Tana nan ranar zaɓe. Tana nan lokacin da yaron gida ya fara shan ƙwaya. A Amurka, ƙasar da masu son bindiga ke yawan kafa hujja da ita, mutane sama da 48,000 ne suka mutu ta hanyar harbi a 2021, kuma fiye da rabinsu kansu suka kashe. Ƙasa ce mai rajistar kowa, mai kotuna masu aiki, mai 'yan sandan da ke amsa waya. Mu kuwa fa?

Mu ba mu ma san adadin bindigogin hukuma ba. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya nuna cewa makamai 178,459 na rundunar 'yan sanda ba a san inda suka shiga ba, ciki har da AK-47 guda 88,078. A ganina wannan lissafi shi ne babbar hujjar masu adawa, kodayake ba kasafai suke kawo ta ba. Lasisin bindiga ba takarda ba ce kawai. Alƙawari ne cewa hukuma ta san mai ita, ta binciki hankalinsa, za ta zo ta duba inda yake ajiye ta, za ta ƙirga harsasansa, kuma in ya canja hali za ta karɓe. Rundunar da rumbunta ke yoyo haka, yaya za ta bi sawun bindigogi miliyan guda a ɗakunan mutane? A ƙasar da ake samun lasisin tuƙi ba tare da an taɓa sitiyari ba, wa zai rantse cewa takardar likita ta lafiyar ƙwaƙwalwa ba za ta zama abin sayarwa a bakin asibiti ba? Kuma ba ƙarancin bindiga ke damunmu ba. Cibiyar Small Arms Survey ta Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi sama da miliyan shida a hannun farar hula a Najeriya, kuma tsohon shugaban ƙasa Abdulsalami Abubakar ya maimaita irin wannan adadi a 2021. Da yawan bindiga na kawo zaman lafiya, da tuni mun huta.

Sai kuma darasin Zamfara, wanda bai kamata Bahaushe ya manta ba. 'Yan sa-kai sun tashi ne da niyyar kare ƙauyuka daga ɓarayin shanu. Ba a daɗe ba aka fara kama Bafulatani a kasuwa a yanka shi ba shari'a, danginsa su shiga daji su sayo manyan makamai, su dawo su ƙone ƙauye. A Afrilun 2014 aka afka wa taron 'yan banga da maharba a 'Yargaladima ta ƙaramar hukumar Maru, rahotanni suka ce waɗanda aka kashe sun haura ɗari. Kowane ɓangare yana cewa kare kai yake yi. A Burkina Faso ma, tun da aka yi dokar ɗaukar 'yan sa-kai a 2020 aka ba su makamai, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam ke ta zarginsu da kashe Fulani fararen hula.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne na Uromi a jihar Edo. A ƙarshen Maris 2025, mafarauta 'yan Kano da ke hanyar dawowa gida yin ƙaramar Sallah suka faɗa hannun 'yan banga. Aka ga bindigogin farauta a motarsu, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16 daga cikinsu aka banka musu wuta. A duba da kyau: masu bindigar farar hula ne, masu kisan ma farar hula ne da ke iƙirarin tsare garinsu. A ƙasar da ake kallon fuskar mutum da harshensa kafin a saurari bayaninsa, bindigar da ke hannun Bahaushe a Kudu, ko ta hannun Bafulatani a ko'ina, ba kariya take zame masa ba, shaida ce a kansa. Abuja kuwa ta tara kowa: Gbagyi masu ƙasa, Hausawa, Fulani, Ibo, Yarabawa, Tibi, Musulmi da Kirista, katanga na jingine da katanga. Shi ya sa Janar Taoreed Lagbaja, babban hafsan sojan ƙasa a lokacin, ya ƙi amincewa da kiran ɗaukar makami bayan kashe-kashen Filato na Disambar 2023, yana ganin hanya ce ta rugujewar doka.

Akwai ma abin da masu ɗokin bindiga ba su cika lura da shi ba: harbin shi ne mai sauƙi, shari'ar ce mai wuya. Wani manomi a Adamawa da makiyayi ya kai wa hari da wuƙa a gona ya ƙwace wuƙar ya soke maharin har ya mutu. Babbar kotun Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Maris 2025, bisa cewa da ya ƙwace makamin yana da damar gudu. Jama'a sun yi ta cece-kuce a kan hukuncin, amma ya nuna yadda iyakar kare kai take da ƙunci a gaban alƙali. Mai kuɗi zai ɗauki babban lauya. Talaka zai yi shekaru a Kuje yana jiran ranar zama.

Wannan ya kawo mu batun hukunci, inda zuciya ta fi tafasa. Mafi yawan mutanen da na sani amsarsu ɗaya ce: a kashe su, kuma a bainar jama'a. Suna da hujja a addini, domin hukuncin masu tare hanya da ta da hankalin al'umma, wato hiraba, yana daga mafi tsanani a shari'ar Musulunci. Suna da hujja a abin da ido ya gani, domin sulhu ya sha cin amanarmu. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, ya miƙa makamai a Gusau a Fabrairun 2021, ya rantse ya tuba, bai cika wata uku ba ya koma daji. Uban da ya sayar da gida ya biya fansa aka miƙo masa gawa, ba ni da bakin da zan ce masa ya sassauta.

Sai dai tsananin hukunci ba sabon magani ba ne a ƙasar nan. Mun sha shi har mun ƙoshi. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa dokar kisa kan fashi da makami a 1970. Aka riƙa ɗaure 'yan fashi jikin ganga a Bar Beach ta Legas ana harbewa, dubban mutane na kallo. A nan aka harbe ɗan fashi Ishola Oyenusi a 1971. Fashi bai ƙare ba. A 1984 gwamnatin soja ta sake tsaurara dokar, amma shekara biyu bayan haka ɗan fashi Lawrence Anini ya addabi birnin Benin har aka kashe shi a 1987. Yau jihohi da dama sun sa hukuncin kisa kan garkuwa da mutane, Zamfara ta haɗa har da masu kai wa 'yan bindiga rahoto a 2022, kuma a Nuwambar 2021 babbar kotun tarayya da ke Abuja ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda. Doka ba ta yi ƙaranci ba. Fursunoni sama da 3,000 ke jiran a zartar musu da hukuncin kisa, gwamnoni sun ƙi sa hannu, kuma rabon da a ji an rataye wani tun Disambar 2016 a jihar Edo. Kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yarinmu ma ba a yanke musu hukunci ba tukuna.

Ɗan bindigar da ke dajin da ya haɗa Bwari da Kagarko ba ya zama ya lissafa ko rataya ce ko ɗaurin rai da rai. Abin da yake lissafawa shi ne: za a kama ni? In an kama ni, maganar za ta kai gaban alƙali? In ta kai, shaida zai yarda ya zo? A dubi shari'ar Hamisu Bala, wanda aka fi sani da Wadume, da ake zargi da garkuwa da mutane. A Agustan 2019 'yan sanda suka kama shi a Taraba, sojoji suka buɗe wa motarsu wuta, 'yan sanda uku suka mutu, shi kuma ya tsere kafin a sake cafke shi a Kano. A Agustan 2022 babbar kotun tarayya a Abuja ta ɗaure shi shekara bakwai kan laifukan da suka haɗa da safarar makamai da tserewa daga hannun hukuma, a 2024 ya fito. Sojojin da aka zarga ba a gurfanar da su tare da shi ba. Duk yaron da ke tunanin shiga daji ya ji wannan labari, kuma ya fi masa tasiri a kan duk wata dokar kisa da ke kwance a takarda. Ga kuma wata fargaba da masana shari'a ke nunawa: in hukuncin wanda ya sace mutum ya sako shi da rai daidai yake da na wanda ya kashe, me zai hana shi kawar da shaida?

To ina na tsaya? Ban yarda kowa ya rataya bindiga ya shiga kasuwar Wuse ko ya hau motar Nyanya ba, kuma ban yarda fistol da AK-47 su fita daga jerin haramtattu ba. Amma takunkumin da ake kai yanzu shi ma zalunci ne, domin ya bar mai rakiya da tsaro, ya bar ɓarawo da makami, ya bar ɗan banga da usur. A buɗe ƙofar, ƙarama. A dawo da lasisin bindigar farauta kamar yadda dokar 1959 ta tanada, da sharuɗɗa a bayyane, a fara da ƙungiyoyin tsaron unguwa masu rajista a Bwari da Kuje da Kwali da Abaji da Gwagwalada. Kowace bindiga da lambarta da sunan mai riƙe ta, hakimi da DPO su sa hannu, a horar da su, a ƙirga harsashi fita da dawowa, kuma ƙungiyar ta haɗa kowace ƙabila da ke zaune a unguwar. Katsina ta ɗauki hanya mai kama da wannan a Oktobar 2023 da dakarun tsaron al'umma na Gwamna Dikko Raɗɗa, Zamfara ta bi da Askarawa a Janairun 2024. A je a duba abin da ya yi kyau da abin da ya ɓaci, kafin a kwaikwaya.

Game da hukunci kuwa, wanda ya sace mutum ya kashe shi, kuma shari'a ta tabbatar ba tare da shakka ba, ban ga dalilin da za a hana doka aikinta ba. Amma wanda na fi so in ga ya tsaya gaban alƙali shi ne mai sayar da harsashi, da jami'in da bindigar gwamnati ta ɓace a hannunsa, da mai kai rahoto daga cikin unguwa. A nan Abuja aka sa hannu kan yarjejeniyar ECOWAS ta taƙaita ƙananan makamai a Yunin 2006, a nan kuma cibiyar ƙasa mai kula da su take tun 2021, ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Sanatoci da 'yan majalisar wakilai, kafin ku kaɗa ƙuri'a kan bai wa talaka bindiga ko hana shi, ku kira Sufeto Janar zaurenku ya gaya wa 'yan Najeriya inda AK-47 guda 88,078 suka shiga, da sunan wanda aka hukunta a kansu.